Waƙar "White Rabbit": abin da Grace Slick ta faɗa da abin da aka ji

Mai Tsohon Faifai:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun makon jiya da muka taɓo kiɗan Amurka na shekarun 1960 nake son in kawo muku wata waƙa, domin na haura shekara talatin ina saurarenta, kuma har yau zuciyata ba ta tsaya wuri guda a kanta ba. Waƙar ita ce "White Rabbit", wato farin zomo, ta ƙungiyar Jefferson Airplane ta birnin San Faransisko. Na fara jin ta ne a fim ɗin Platoon na 1986, a kaset ɗin bidiyo, daidai wurin da sabon soja ya shiga wani rami inda 'yan uwansa suke taruwa suna busa wiwi a tsakiyar yaƙin Biyetnam. A lokacin ban gane kalmominta ba, amma muryar matar da take rerawa ta zauna mini a kunne, sai daga baya na san sunanta Grace Slick kuma ita ce ta rubuta waƙar.

Ta rubuta ta tun tana cikin wata ƙaramar ƙungiya mai suna The Great Society, tare da mijinta na lokacin Jerry Slick da ƙaninsa Darby. A watan Oktoba na 1966 mawaƙiyar Jefferson Airplane ta farko, Signe Anderson, ta bar ƙungiyar bayan ta haihu, sai Grace ta maye gurbinta, ta zo musu da waƙoƙi biyu a hannu: wannan da kuma "Somebody to Love" wadda Darby ya rubuta. Dukansu sun fito a faifan Surrealistic Pillow a watan Fabrairu na 1967, kuma su biyun ne suka ɗaga ƙungiyar, ɗaya ta kai mataki na 5 a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard, "White Rabbit" kuma ta kai na 8.

Ra'ayina shi ne an daɗe ana zaluntar waƙar nan da ake kiranta waƙar 'yan ƙwaya kawai. Ita Grace ta sha bayyana cewa da iyaye take magana, iyayen da suke karanta wa 'ya'yansu labarin Alice, yarinyar da ta bi farin zomo ta faɗa rami, ta ci wani abu ta yi tsawo, ta sha wani abu ta ƙanƙance, su kuma suna riƙe da kofin giya da ƙwayoyin barci, sannan su zo suna mamakin yadda yaran suka taso da sha'awar gwada abin da zai sauya musu tunani. Jimlar da ta rufe waƙar da ita umarni ne cewa mutum ya ciyar da kansa, wato ƙwaƙwalwarsa, kuma ni na ɗauke shi kira zuwa ga karatu da neman sani. Ina son in ji ta bakinku.

Ma'aikacin Jinya:
Wa alaikumus salam, Baba. Ina girmama fahimtarka, amma a nan ba zan bi ka ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a sashen masu taɓin hankali, kuma galibin samarin da ake kawo mana kayan maye ne suka kawo su, saboda haka ba na iya jin waƙar nan da kunnen mai sha'awar kiɗa kaɗai. Baitin farko ya ce akwai ƙwayar da ke sa ka girma, akwai wadda ke sa ka ƙanƙance, amma waɗanda mahaifiya take ba ka ba sa yin komai. Yaron da ya ji wannan a rediyo a 1967 ba zai tafi neman hirar da mawaƙiyar ta yi da 'yan jarida ba. Abin da zai ɗauka shi ne maganin gida ba shi da amfani, na waje shi ne mai aiki.

Kuma ita kanta Grace Slick ba ta taɓa ɓoye cewa ta rubuta waƙar ne bayan ta sha LSD, wato sinadarin maye mai sa mutum ganin abin da babu, ba. Jihar Kalifoniya ta haramta LSD ranar 6 ga Oktoba, 1966, an ɗauki waƙar a situdiyo a watan da ya biyo baya, saboda haka kowa a ɗakin ya san abin da ake nufi da baitin da ke maganar cin laimar kwaɗi har tunani ya fara tafiya a hankali. Idan niyyarta ita ce ta tona munafuncin iyaye, na yarda ta tona. Sai dai wanda ya nuna wa yaro cewa mahaifinsa mashayi ne, sannan ya miƙa masa wata kwalba daban, ban ga taimakon da ya yi masa ba.

Malamar Adabi:
Baba, Malam, ku ba ni dama in shigo da littafin da waƙar ta ɗauko labarinta daga ciki, wato Alice in Wonderland, domin ina ganin ba za a gane waƙar ba sai an ajiye ta kusa da shi. Marubucinsa Lewis Carroll, wanda ainihin sunansa Charles Dodgson, malamin lissafi ne a Oxford. Ya fara ba da labarin Alice da baki ga wasu yara mata uku a cikin kwalekwale a 1862, aka buga littafin farko a 1865, na biyun kuma, wanda Alice take shiga ta cikin madubi, a 1871. Babu wata hujja da ta nuna cewa yana shan kayan maye, ko da yake mutanen shekarun 1960 sun so a ce haka ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Grace Slick ta sassauya labarin. A littafin babu ƙwaya ko ɗaya. Alice kwalba ta sha, ta ci ɗan kek, daga baya ta gutsuri laimar kwaɗi wadda gefe ɗaya ke ƙara tsawo, ɗayan ke rage shi, kuma tsutsar da ke zaune a kanta tana zuƙar shisha tana nan a babi na biyar kamar yadda waƙar ta ce. Mayar da kwalba da kek zuwa ƙwayoyi aikin Grace ne, kuma a nan Malam yana da gaskiya, da gangan ta jawo labarin daga Ingilar Sarauniya Biktoriya zuwa cikin akwatin maganin uwar gida a Amurka. Kada mu manta an fara sayar da ƙwayar kwantar da hankali mai suna Valium a 1963, kuma cikin 'yan shekaru ya cika gidajen masu hali, har Rolling Stones suka yi waƙa a kan haka a 1966. To ke nan baitin da ya dami Malam yana da fuska ta biyu: ƙwayoyin uwa suna kwantar da mutum ne, ba sa buɗe masa komai.

Sauran sauye-sauyen sun fi ban sha'awa. Waƙar ta ce Jar Sarauniya ce take cewa a sare kai, alhali a littafin Sarauniyar karta ce mai wannan furuci, Jar Sarauniya kuwa ta darar Turawa ce a littafi na biyu. Ta ce farin jarumi yana magana a juye, alhali Farar Sarauniya ce take rayuwa daga gaba zuwa baya. Mafi girma duka, ta ce a tuna abin da ɗan ɓeran nan mai yawan barci ya faɗa, sannan ta sa masa a baki umarnin ciyar da ƙwaƙwalwa, alhali bai taɓa faɗar haka ba. A wajen shari'ar da ke ƙarshen littafin farko, an tambayi mai huluna abin da ɓeran ya ce, ya amsa cewa ba ya iya tunawa, sarki ya ce dole ya tuna ko a kashe shi. Carroll ya bar gurbin a wofi, Grace ta zo bayan shekara ɗari ta cike shi da nata saƙon. Ni ba na ɗaukar waɗannan a matsayin kuskure. Waƙar da kanta ta sanar cewa hankali da ma'auni sun faɗi matattu, daga nan ne kuma sarauniyoyin suka cakuɗe, kamar yadda labarin da aka ji a yarinta yake cakuɗewa a kan babba.

Ɗalibar Tarihi:
Malama, na ƙaru ƙwarai da batun ɓeran nan, ban taɓa lura ba. Tambayata ita ce, idan gurbin a wofi yake kuma ita ta cike shi, ashe ke nan ba ta faɗi abin da za a ciyar da ƙwaƙwalwar da shi ba? Baba ya ce littafi ne, Malam ya ce ƙwaya ce, kuma a kalmomin waƙar babu abin da ya hana ɗaya daga cikinsu zama mai gaskiya.

Ɗan Jita:
Iyayena da yayyena, ni makaɗi ne, saboda haka zan yi magana a kan abin da kunnena ya ji kafin kalmomi. Waƙar nan minti biyu da rabi ce kacal, kuma ba ta da amshi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a rediyon wancan zamani, inda kusan kowace waƙa take tafiya baiti, amshi, baiti, amshi, domin mai sauraro ya sami wurin da zai dawo ya huta. Ita wannan ba ta komawa baya ko sau ɗaya. Jack Casady ne yake buɗewa da jita mai kaurin murya, Spencer Dryden ya shigo da ƙaramar ganga yana kaɗa irin takun faretin soja, Jorma Kaukonen ya ratso da wata siririyar jita mai lanƙwasa kamar maciji, sannan murya ta shigo can ƙasa, a natse, kamar mai karanta wa yaro labari kafin barci. Daga nan kowane baiti yana ɗan fin na baya ƙarfi har zuwa jimlar ƙarshe, inda take buɗe maƙogwaro gaba ɗaya.

Wannan tsari ba ita ta ƙirƙiro shi ba, kuma ta faɗi inda ta samo shi. Na farko shi ne Bolero na Maurice Ravel, Bafaranshe, wanda aka fara kaɗawa a Paris a 1928: kusan minti goma sha biyar ana maimaita kiɗan ƙaramar ganga iri ɗaya, kayan kiɗa suna ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya cika. Na biyu shi ne faifan Sketches of Spain na Miles Davis da Gil Evans na 1960, wanda ta ce ta yi ta maimaita saurarensa na tsawon sa'o'i kafin ta zauna gaban wata tsohuwar fiyano ta rubuta waƙar. Shi ya sa karin yake hawa rabin mataki ya sauko, irin na filamenko na kudancin Sifaniya, kuma duk wanda kunnensa ya saba da waƙoƙin Larabawa zai ji kamar ya san hanyar.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, a ganina ma'anar tana cikin ginin kiɗan fiye da kalmomin. Kiɗan soja ne a ƙarƙashin labarin yara, a shekarar da ake kwasar samarin Amurka zuwa yaƙi. Kuma hawa ne zalla. Waƙar tana kai ka ƙololuwa ta tsaya cak, babu sauka.

Ma'aikacin Jinya:
Ƙanena, ka faɗi abin da na daɗe ina ji ban iya furtawa ba, kuma shi ne ainihin ƙorafina. Babu sauka a cikin waƙar, mu kuwa a asibiti saukar kaɗai muke gani. Wanda ya sha abin yana da minti biyu da rabinsa na hawa, iyalinsa kuma suna da shekarun da ke biyo baya.

Tarihin unguwar da waƙar ta fito ma ya nuna haka. A bazarar 1967 matasa kusan dubu ɗari suka kwarara zuwa Haight-Ashbury a San Faransisko, da yawansu yara ne da suka gudo daga gida ba kuɗi ba wurin kwana. A watan Yuni na shekarar, watan da aka saki waƙar nan a ƙaramin faifai, wani likita mai suna David Smith ya buɗe asibitin kyauta a unguwar saboda yawan waɗanda maye ya rikita da masu cututtuka. George Harrison na Beatles ya ziyarci wurin a watan Agusta yana tsammanin zai tarar da masu fasaha da neman ruhi, ya koma da ɓacin rai, ya kuma ce daga nan ya bar LSD. Marubuciya Joan Didion ta zauna a unguwar a wannan shekarar, ta rubuta cewa ta ga yarinya 'yar shekara biyar wadda mahaifiyarta take ba ta LSD. Ina roƙonku ku ajiye wannan kusa da baitin farko. A waƙar, ƙwayar uwa ba ta yin komai. A unguwar da ake rera waƙar, ga uwa ta ba 'yarta ƙwayar da take aiki. Kafin shekara biyu su cika, ƙwayoyin sa kuzari da hodar heroyin sun mamaye titunan.

Ban ce Grace Slick ce ta jawo wannan ba, zalunci ne in faɗi haka. Abin da nake cewa shi ne waƙar rabin labari ta bayar, kuma rabin mai daɗi ta zaɓa.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya, hujjarka tana da nauyi, amma ina ganin adalci ne mu tuna duniyar da matasan nan suke gudu daga gare ta. A ƙarshen 1967 sojojin Amurka a Biyetnam sun kusa rabin miliyan, kuma ana ɗaukar samari aikin soja ne dole. Manyan da suke ce musu kada su taɓa ƙwaya domin tana lalata rayuwa, su ne dai suke aika musu da takardar kira zuwa fagen fama. Idan yaro ya ga haka, duk wata nasiha da ta fito daga bakin babba takan rasa daraja a idonsa, har da ta gaskiya. A nan nake ganin zargin munafuncin da Baba ya ambata ba ƙaramin abu ba ne.

Sannan LSD ba daga titi ya fara ba. Albert Hofmann ne ya haɗa shi a kamfanin magunguna na Sandoz a birnin Basel na Siwizalan a 1938, ya gano tasirinsa a 1943, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun yi shekaru suna gwaji da shi a fili. Kalmar saikedelik da ake kiran irin wannan maye da ita ma wani likita ne, Humphry Osmond, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1950 daga Girkanci, da ma'anar abin da ke bayyanar da zuciya. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta gwada shi a kan mutane a ɓoye, wasu ba tare da saninsu ba, kuma marubuci Ken Kesey, wanda ya yaɗa shi a tsakanin matasan Kalifoniya, ya fara shan sa ne a wani gwaji da aka yi a asibitin tsoffin sojoji. Saboda haka lokacin da Grace take rubuta waƙarta abin bai ma zama haramtacce ba tukuna.

Akwai kuma batun yadda waƙar ta tsallake masu tace rediyo. A 1966 wasu tashoshi sun ƙi sa "Eight Miles High" ta ƙungiyar Byrds saboda zargin tana nufin maye, amma "White Rabbit" ta wuce, domin galibin abin da ta ambata yana cikin littafin da ke kan kantar ɗakin yara. Sai daga baya hukuma ta farga: a 1970 mataimakin shugaban ƙasa Spiro Agnew ya fito yana sukar waƙoƙin da ya ce suna tallata ƙwaya, a 1971 kuma hukumar kula da kafofin sadarwa ta gargaɗi tashoshi da su san abin da kalmomin waƙoƙinsu suke nufi. Ni a wurina wannan ya tabbatar da maganar Grace ta wata fuska, domin manyan sun saurari waƙar ba su ji komai ba, kamar yadda suka karanta littafin ba su ga komai ba.

Mai Tsohon Faifai:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da ya fi nawa tsari. Amma dole in yi wa Malam adalci a kan abu ɗaya da na sani kuma ban faɗa ba a farko. A 1970 an gayyaci Grace Slick shan shayi a fadar White House, saboda ta yi kwalejin Finch inda 'yar Shugaba Nixon, Tricia, ta yi karatu. Ta tafi tare da ɗan gwagwarmaya Abbie Hoffman, kuma ita da bakinta ta ce niyyarta ita ce ta zuba wa Nixon LSD a shayi, sai masu tsaro suka tare su a ƙofa. Wadda ta yi wannan shiri ba zan iya cewa littattafai kaɗai take nufi da ciyar da ƙwaƙwalwa ba. Na janye wannan ɓangaren na maganata. Abin da ban janye ba shi ne cewa farin zomon da Alice ta bi son sani ne, kuma waƙar ba ta ɓoye cewa wanda ya bi zomo zai faɗa rami ba, ta faɗi haka ƙarara a baiti na biyu.

Ma'aikacin Jinya:
Baba, ta faɗi cewa za a faɗa, haka ne, amma ta faɗe shi da muryar gayyata. Kuma abin da ya fi taɓa ni a rayuwarta shi ne, abin da ya wahalar da ita a ƙarshe ba LSD ba ne, giya ce, wato abin shan iyayen da take zargi. Ta yi magana a kan haka a fili ba tare da ɓoye-ɓoye ba, kuma ina ganin girmanta saboda wannan gaskiyar. Ita ta rayu, amma Jimi Hendrix da Janis Joplin sun mutu a 1970, Jim Morrison a 1971, dukansu suna da shekara 27. Na san yanzu jami'o'i irin su Johns Hopkins sun koma bincike a kan sinadarin laimar kwaɗi domin maganin ciwon damuwa, kuma ba na adawa da hakan, sai dai wannan ana yin sa ne da awo, da tantance mara lafiya, da likita zaune a gefe har abin ya sake shi. Ba shi ne abin da aka yi a Haight-Ashbury ba.

Malamar Adabi:
Tunda an zo batun abin da waƙar ta bari, akwai abin da zai ba ku mamaki. A 1971 aka buga wani littafi mai suna Go Ask Alice, wanda aka ɗauko sunansa kai tsaye daga kalmomin waƙar nan. An gabatar da shi a matsayin littafin sirrin wata yarinya ta gaske da ƙwaya ta hallaka, ya sayu da yawan gaske, iyaye da makarantu suka riƙa ba yara domin tsoratarwa, sai daga baya ta bayyana cewa wata mata ce mai suna Beatrice Sparks take bayansa. Ga waƙar da aka yi domin zargin iyaye da rashin gaskiya, ga kuma iyayen sun ari kalmominta sun lulluɓe ƙagaggen labari da su suna cewa gaskiya ne. A shekarar dai Hunter S. Thompson ya sa waƙar a littafinsa mai suna Fear and Loathing in Las Vegas, a wani wuri mai ban tsoro inda wanda maye ya haukata yake kwance a bahon wanka yana roƙon a jefa masa rediyo cikin ruwan daidai lokacin da waƙar ta kai ƙololuwa. Thompson ya gane abin da ƙanenmu makaɗi ya faɗa, cewa bayan wannan ƙololuwar babu inda za a je.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, fahimtar Baba ba ta mutu ba. John Markoff ya rubuta littafi a 2005 a kan yadda matasan wancan zamani a yankin San Faransisko suka taimaka wajen haifar da kwamfutar gida, kuma ya sa masa suna daga maganar ɓeran nan. Fim ɗin The Matrix na 1999 ya ɗauki farin zomo da ƙwayoyi biyu ya mai da su alamar zaɓi tsakanin gaskiya mai ɗaci da kwanciyar hankalin jahilci, kuma da aka zo tallar kashi na huɗu a 2021, da waƙar Jefferson Airplane ɗin aka yi. Matasan yau da suke cewa sun faɗa ramin zomo idan bincike ya ja su a intanet, ko kusa ba su da ƙwaya a zuciya.

Ɗan Jita:
Malama, ina son in ƙara abu ɗaya da ba mu taɓo ba, wato muryar kanta. A 1967 an saba mace a waƙar rediyo ta yi soyayya ko kukan rabuwa, da murya mai laushi. Grace Slick ta zo da waƙar da babu namiji a ciki, babu soyayya, ta rubuta da hannunta, kuma ta rera ta kamar mai ba da umarni, da kaurin murya da karkarwar da take riƙewa har ƙarshen numfashi. Jarumar waƙar ma yarinya ce da ta bi abin da ya ba ta sha'awa ba tare da wani ya zo ceton ta ba. Ina ganin shi ya sa mata irin su Patti Smith a 2007 da Pink a 2016 suka sake rera ta, ga kuma George Benson da ya mai da ita kiɗan jaz a farkon shekarun 1970. Duk wanda ya gwada rera ta ya san wahalar tana a farko ne, wajen danne murya, domin idan ka buɗe da wuri ba abin da zai rage maka a ƙarshe.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya makaɗi, wannan ya tuna mini cewa ƙungiyar ta tsaya a duka manyan dandalin zamanin guda uku. Sun yi wasa a Monterey a watan Yuni na 1967, sun hau dandalin Woodstock da safiyar Lahadi 17 ga Agusta, 1969 bayan sun kwana suna jira, sannan a watan Disamba na shekarar suna Altamont, inda 'yan babur ɗin Hells Angels da aka ɗauka gadi suka doki mawaƙinsu Marty Balin har ya suma, kuma a ranar aka kashe wani saurayi mai suna Meredith Hunter a gaban dandali. Saukar da Yaya yake cewa babu a waƙar, su da kansu sun gan ta da idonsu cikin wata huɗu.

Mai Tsohon Faifai:
Jiya da dare, bayan na karanta abin da kuka rubuta, na nemo yadda The Great Society suke kaɗa waƙar a gaban jama'a kafin Grace ta bar su, wanda aka fitar a faifai a 1968. Ta haura minti shida, kuma fiye da rabinta kiɗa ne zalla mai yawo, murya ba ta shigowa sai can kusa da ƙarshe. A wannan sigar ban ji faretin sojan nan da ke tura mutum gaba ba, na ji mutane ne suna lalube a cikin duhu. Sai da aka kai ta situdiyon RCA aka datse ta, aka ɗaure ta a kan ƙaramar ganga, sannan ta zama kibiyar da muka sani. Malam, ina roƙonka ka saurari wannan tsohuwar sigar, ka faɗa mini ko ita ma gayyata ka ji a cikinta, domin ni abin da na ji ya fi kama da tsoro.

Ma'aikacin Jinya:
Zan saurara, Baba, in sha Allahu, idan na sauka daga aikin dare. Ƙanena makaɗi, kai ma ka saurara, ka duba mana ko a waccan sigar kiɗan yana sauka bayan jimlar ƙarshe, ko ita ma a sama take tsayawa.